Sa Hannun Umma

"Yau dai sai ka faɗa mata," in ji Auta, tana ɗaure kwalin kwanuka da igiya kamar kwalin ne ya yi mata laifi.

"Ni kuma? Ummarki ce fa."

"Ai kai ne mai bakin bayani. Ba malamin makaranta ba ne kai?"

"Yara nake koya wa lissafi, Hasken idona, ba surukata ba."

Ta watsa masa harara. Duk sanda Malam ya jawo "Hasken idona" ana tsakiyar faɗa, to ya rasa ta cewa ne. Sai dai yau hararar ba ta yi kaifi ba, don Auta ta san ita ce ta fara cewa a yi shiru.

Gida suke shirin saya. Banki ya yarda ya ba su rance, gidan ya zauna a jingine har su gama biya, amma sai sun kawo kafin alƙalami mai kauri. Umma ce ta kawo shi. Ɗan gidanta da ta gina da kuɗin ɗinki ta sayar, duk da yayyen Auta sun yi ta hana ta. Ta ce ta gaji da zaman kaɗaici, gara ta ƙarasa kwanakinta kusa da autarta.

Ranar da suka kai ta ganin sabon gidan, ko tambayar kowa ba ta yi ba, ta wuce ɗakin ƙasa ta tsaya gaban taga.

"Nan keken ɗinkina zai zauna," ta ce. "Labulen nan kuma a cire shi, ya yi kama da na asibiti."

Auta ta rungume ta tana dariya. "Gidanki ne, Umma. Yadda kike so haka za a yi."

Wannan maganar ce ta tsaya mata a wuya yanzu. Domin ba a jima ba Lauya, matar da ke bin musu takardun gidan, ta kira su ofis. Ta ce ta bincika a ofishin filaye, gida ba shi da rigima, saura abu guda. Banki na so Umma ta sa hannu cewa kuɗinta kyauta ta bayar, ba ta da kaso a gidan, kuma idan biya ya gagara aka zo karɓar gida, za ta fita ba jayayya. Haka ake yi wa duk babban mutumin da zai zauna a gidan jingina alhali babu sunansa a takarda.

"To a sa sunanta mana," Malam ya ce.

"Na tambaya. Shekarunta sun wuce na wanda suke ba wa rance."

A hanyar komawa ne Auta ta ce, "Kada mu tayar mata da hankali. Mu ce shaida kawai za ta yi mana." Malam kuwa, da ba ya iya ganin hawayenta, ya ce to.

Yanzu ga ranar ta zo. Umma ta fito daga ɗakin da suka sauke ta, sanye da kayanta na fita kunya, har da turare.

"Ku tashi mana, kada mu bar 'yar mutane tana jira. Kun ga har biro na saya sabo."

A mota Auta ta buɗe baki ta rufe ya fi a ƙirga. Umma na baya tana ta lissafin kalar da za ta dace da tagarta.

Ofishin ƙarami ne, a saman wani kantin magani, fayil ya cika kan tebur har ƙasa. Lauya ta gaida Umma da ladabi, ta ja mata kujera, sannan ta dube su ta saman tabarau.

"Ku ɗan jira mu a waje."

Auta ta dubi Lauya. "A waje? Ai tare muke..."

"Ƙa'idar aikin ke nan. Duk wanda zai sa irin wannan hannun, sai na zauna da shi shi kaɗai, na yi masa bayani baki da baki, na tabbata ba wanda ya matsa masa. Ba ruwana da wa ya haifi wa."

Suka zauna kan benci a bakin ƙofa kamar yaran da aka koro daga aji. Muryar Lauya na fitowa ƙasa-ƙasa, ta Umma kuwa shiru.

"Laifina ne," Malam ya ce. "Da na ce miki a'a tun a mota."

"Ni na ƙulla ƙaryar. Kai taya ni ɗauka kawai ka yi."

Ya kamo hannunta. "In ta ƙi, mun rasa gidan."

"In ta yarda kuma fa?"

Ya juyo ya dube ta. "Ni ko a haya muka tsufa, in dai da ke ne, ya ishe ni. Abin da ba zan iya ba shi ne ki riƙa kallona kina tuna yau."

Ƙofa ta buɗe. "Ta ce ku shigo," in ji Lauya.

Umma na zaune, sabon biron na kan tebur da marfinsa. Babu fushi a fuskarta. Auta ta gwammace a ce akwai.

"Yarinyar nan ta yi mini bayani tsaf, Allah Ya yi mata albarka," in ji Umma. "Amma ba ita na goya ba. Auta, maimaita mini."

Auta ta durƙusa. "Umma..."

"Ina jin ki."

"Gidan... babu sunanki a ciki. Kuɗinki kyauta ce. In muka kasa biya... za a fitar da ke."

"Ke kuma kika ce mini shaida."

"Tsoro na ji, Umma."

"Na me? Ɓacin raina, ko rasa gidan?"

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan kafet. Ita kanta ba ta san amsar ba, kuma abin da ya fi ba ta kunya ke nan.

Malam ya durƙusa kusa da ita. "Umma, kada ki sa hannu. Tare muka yi wannan abin. Za mu janye, a mayar miki da kuɗinki."

"In kai su ina? Gidana wasu sun shiga, har sun sake fenti." Ta cire marfin biro. "Da kun faɗa mini tun farko, da dariya zan sa."

Ta rubuta sunanta a hankali, ta rufe biron ta jefa a jaka.

Ranar da aka ba su makulli, Malam ya miƙa wa Umma a bakin ƙofa. "Ke za ki buɗe mana."

"Masu gida ne ke buɗewa."

"Ai mai gidan banki ne, Umma. Mu duka zaman aro muke yi. In ba ki buɗe ba, a nan za mu shimfiɗa tabarma."

"Kai dai bakinka ba ya mutuwa," ta ce, har ta ɗan murmusa. Ta karɓa ta buɗe.

Auta ta sauke ajiyar zuciya, ta ɗauka an wuce wurin. Masu ɗaukar kaya suka shigo da keken ɗinki suna tambayar inda za a ajiye. Umma ta tsaya a bakin ɗakin ƙasa, ta kalli tagar da labulenta na asibiti, sannan ta waiwayo.

"Auta, in ba zai takura ku ba... zan iya sa kekena gaban tagar nan?"

Auta ta nufi tagar. Ta jawo kujera ta hau, ta shiga cire labulen tana kuka har kafaɗunta na rawa. Malam ya karɓi keken da kansa, ya kai shi gaban taga ya gyara masa zama.

Umma ta daɗe tana kallonsu.

"Kada ki yar da labulen nan," ta ce. "Zai yi rigar filo. Sauko ki riƙe mini bakin in auna."

Auta ta sauko ta zauna a ƙasa daf da ƙafafunta, ta kama bakin labulen da hannu biyu.