Mangwaro a Gonar Aro

Kwana tara ke nan Malam Halliru bai dawo gida ba. Matarsa Indo ta zo caji ofis a Wudil, ta zauna gaban Sufeto Garzali Wali, ko ruwa ta ƙi sha.

"Garin Utai ya tafi, ranka ya daɗe, karɓar gonarsa. Shekara goma sha ɗaya tana hannun Isyaku, aro. Sai da ya bari aka gama girbi, kamar yadda ake yi."

Sufeto ya tarar da Isyaku a ƙofar gida, mutum mai ladabi kamar sabon suruki.

"Ya zo, yallaɓai. Na ce ga gonarka, Allah ya saka da alheri. Ya hau babur ya tafi."

"Babur ɗin wa?"

"Ban kula ba."

'Yan acaɓa shida ne kacal a bakin hanyar, har awakin garin sun sani. Ɗaya ya ce shi ya kawo dattijon. Babu wanda ya mayar da shi.

Da azahar Sufeto ya shiga gonar tare da mai unguwa da Isyaku. Tsit, ko tsuntsu ba ya kuka. Ƙasa ta bushe ƙamas, sai can kusurwa wani ɗan dashen mangwaro kore shar, an kewaye shi da ƙaya. Gindinsa a jiƙe, ƙudaje sun rufe shi.

Mai unguwa ya tsaya cak.

"Wa ya dasa wannan? A garin nan ba a dasa itace a gonar aro. Sai in mutum ya tabbata mai ita ba zai dawo ba."

Sufeto ya sa aka kawo shebur.

"Isyaku, kai za ka haƙa."

Bai yi nisa ba gefen farar riga ya bayyana. Isyaku ya saki shebur ya zube.

"Ni na yi mata taki, ni na raya ta. Ya ce bana zai karɓe. Fartanya na buga masa. Na dasa mangwaron ne don kada garma ta bi ta kansa. Kullum na zo ban ruwa, sai na yi masa sallama."

Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi mota.

A ofis Sufeto ya gaya wa Indo, da nauyin baki, cewa an gano gawar mijinta, kuma gonar za ta dawo hannunsu.

Ta girgiza kai, hawaye na zuba.

"Ku bar gonar nan. Shi za ku ba ni, a yi masa sutura."