Awon Gulbin Tsamiya

Haƙorin injin ya sauko a hankali, ya taɓa faifan ƙarfen, ya shiga cinsa kamar ana yankan sabulu. Ruwan sanyaya, fari kamar madara, yana kwarara a kansa, ɓarɓashi yana nannaɗewa yana zuba gefe. Injiniya Barira Tukur ta tsaya bayan gilashi, hannuwa goye a baya, tana sauraro. Babu gurnani, babu kakkarwa, babu tarin nan da Goggo takan yi duk lokacin da za ta juya baya.

Goggo shi ne sunan da zuriyar maƙeran Gulbin Tsamiya suka laƙaba wa injin, kuma ta cancanci girman. An ƙera ta a ƙetare a shekarar 1997, ta iso Legas ta ruwa, ta yi aiki a wata masaƙa a Kano har masaƙar ta rufe. A 2021 kakan Barira ya saye ta a gwanjo. Irin injinan nan ce da ake ba umarni da lambobi, su sassaƙa ƙarfe su kaɗai. Teburinta yana tafiya gabas da yamma, kudu da arewa, bisa dogayen sanduna masu barima, wato murɗaɗɗen zare irin na jikin noti, haƙori kuma yana hawa da sauka. Yanzu ana 2093. Jiragen kaya marasa matuƙi suna shawagi bisa garin, gidaje suna shan rana ta bangonsu, amma duk kwarin babu famfo ko ƙofar ruwa ko injin niƙa wanda ba Goggo ce ta yanka masa wani sashe ba.

Da majalisar gari ta ce a narkar da tsohuwar a sayo sabon inji, Barira ce ta ƙi. Gangar jikin, in ji ta, ƙarfe ne da ya gama zama, ba a samun irinsa a kasuwa. Ta cire tsofaffin majuya, wato ƙananan injinan da ke juya sandunan, ta ɗaura sababbi. Ta sauya sandunan da kansu. Daga ƙarshe ta dasa mata ƙwaƙwalwa mai ji da magana. Faifan nan shi ne aikin farko, kuma ba na gwaji ba ne: faifan haɗi na babban famfon kwari ya tsage, alkama ta yi ciki, ƙasa ta fara daddarewa.

"Baiwata, an gama ko in koma in ce wa manoma su yi ta tofa yawu a gona?"

Ilu ne, shugaban masu noman rani, ɗan ƙanwar mahaifinta. Taubasai ne, kuma furfura ba ta rage musu komai ba.

"Ɗan mace ne bawa, Ilu, tun kafin a haife ka haka abin yake. Sa hannu ka ɗauka, aikinka ne."

Ƙwaƙwalwar ta yi magana da murya mai taushi: "An kammala, Injiniya. Huda takwas, kowace a mazauninta. Kuskuren bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin gashi ba."

"Ka ji ko?" in ji Barira. "Ko a Jamus sai haka."

A gidan famfo manoma sun yi cincirindo. Aka ɗaga faifan, aka manna shi a jikin abokin haɗinsa. Kusa ta farko ta shige. Ta biyu ta shige da ɗan lallashi. Ta uku ta ƙi. Aka juya faifan, aka sake gwadawa, aka shafa mai, wani ya kawo guduma Barira ta harare shi ya mayar. Ta leƙa cikin hudar, ta ga bakin hudar abokin haɗin ya ɗan leƙo kamar jinjirin wata.

"To," in ji Ilu, yana shafa gemu, "a Jamus ɗin ma haka suke yi?"

Mutane suka yi dariya, amma gajeriya, domin kowa yana hangen alkamarsa ta taga. Wani dattijo ya ce, "Wannan ai ya zama kayan waje."

Maganar tana da tarihi. Tun zamanin kakanni an san cewa kayan gyaran da ake sayowa daga ƙetare ba sa zama a injinan Gulbin Tsamiya. Har alfahari ake yi da haka. Yara suna tasowa da sanin cewa maƙeran duniya ba su da natsuwa, awo na gaskiya sai a gida.

Barira ta ɗauki faifanta ta koma maƙera, Ilu yana biye. A ƙuryar ɗakin ajiya ta jawo wani faifai irin wannan mai tsatsa, wanda mahaifinta ya sayo daga waje ya jefar cikin fushi. Ta ɗora sabon a kansa. Huda takwas suka haɗu, haske ya ratsa su tas.

Ta zauna a kan akwati, dariya ta kama ta har ta share ido da gefen mayafi.

"Ilu, duniya ba ta karkace ba. Mu ne."

Ta yi masa bayani. Tsohuwar sandar gabas da yamma ta Goggo ta cinye tun tana masaƙa, barimarta ta lashe a wasu wurare fiye da wasu. In aka ce mata ta tafi taku kaza, sai ta rage ɗan kaɗan. Kullum a wuri ɗaya, kullum gwargwado ɗaya. Tun da ita ce ke yanka faifai, ita ce kuma ke yanka abokin haɗinsa, karkata ta auri karkata, suka zauna lafiya shekara saba'in da biyu.

"To ki auno na jikin famfon mana."

"Rabinsa yana cikin cikin famfo. Kafin a kwance a mayar, alkamarka ta zama ciyawa. Tsohuwar sandar nake so, duk karkatar tana rubuce a jikinta. Na ajiye ta a bakin ƙofa, ban san wanda ya ɗauke ba."

Ilu ya ɗaga kai yana duban rufi.

"Ilu."

"Kayan taubashi ai ba a ce an sata. Akuyata ce ke tsinke kowane turke. Wannan kuwa ta gwada, ta haƙura."

"Ka ɗaure akuya a jikin tarihin garin nan?"

"Tarihin yana riƙe da ita da kyau. Zan kawo, amma sai kin faɗi wane ne ubangijin wani tsakaninmu."

Barira ta duba hagu, ta duba dama, ba kowa. Ta ce ƙasa-ƙasa, "Ranka ya daɗe."

"Na adana wannan, Injiniya," in ji ƙwaƙwalwar, "ko za a buƙace shi."

Aka tono sandar, aka wanke ta, aka shimfiɗa ta ƙarƙashin idon awo. Haske ja ya bi barimar daga kai zuwa gindi, ƙwaƙwalwar ta haddace duk inda ta lashe. Sai ta tambaya: "Kina so in riƙa yin wannan kuskure da gangan?"

"Daidai yadda take yinsa. Kada ki ƙara, kada ki rage."

"Da wane suna zan ajiye shi? Gurbin kurakurai yana goge kansa."

Barira ta yi ɗan tunani. "Sa shi a gurbin ma'aunai. Rubuta: awon Gulbin Tsamiya."

Kafin la'asar sabon faifai ya fito. Kusoshi takwas suka shige kamar an kira su da suna. Famfo ya yi atishawa, ya ɗauka, ruwa ya bi magudanai yana tura busassun ganye a gabansa. Dattijon nan ya buga sandarsa a ƙasa cikin gamsuwa ya ce, "Kun gani? Aikin gida daban ne." Barira ta buɗe baki, Ilu ya taka mata ƙafa.

Daga baya majalisa ta zauna kan batun mayar da garin bisa awon duniya. Da aka gane cewa sai an sauya kowane famfo da kowace ƙofar ruwa, aka ɗage zaman, har yau ba a koma ba. Haka injin da ya fi kowane daidaito a yankin ya ci gaba da yin kuskure cikin ƙwarewa, akuyar Ilu kuma ta sami turkenta.

Wata safiya, Barira tana share ɓarɓashi, ƙwaƙwalwar ta ce, "Injiniya, na duba asalin awon duniyar. Masanan da suka tsayar da mita a Faransa, a ƙarshen ƙarni na sha takwas, sun auna girman duniya ne suka raba. Daga baya aka gano sun ɗan rage. Ba a gyara ba, don an riga an ƙera komai a kai."

Barira ta jingina tsintsiyar da bango. Ta daɗe tana duban Goggo.

"Ashe su ma da tasu goggon," in ji ta. "Kada ki gaya wa Ilu. Zai ce tun farko mu ne daidai."