A Bakin Ramin Cocin Giyorgis

Jajiberin Kirsimeti ne a garin Lalibela na ƙasar Habasha. Masu ziyara sun yi dafifi a bakin ramin dutsen da aka sassaƙa cocin Giyorgis a ciki, aka turo Wubalem daga baya har yatsun ƙafarta suka leƙa ƙasa. Sai wani ya fizgo mayafinta.

"Ke! Kowa na son Aljanna, amma ba yau ba."

Ta ɗago ta dube shi. Fentahun sunansa, direban motar haya. Kafin rana ta faɗi kowa ya karɓi lambar wayar ɗan'uwansa.

Shekara guda suka yi a waya. Duk ranar da aka ce mota ta faɗi a hanyar tsaunuka, abinci ba ya shiga bakinta sai saƙonsa ya zo: "Wubiye tawa, na sauka lafiya. Share hawayen nan, ina jin su daga nan."

Mahaifinta, Ato Belayneh, wanda idanunsa suka yi rauni, ko ganawa da shi ya ƙi yi.

"Direba? Ki yi takaba kafin ki yaye ɗan fari? Ga ɗan limamin cocinmu yana jiranki."

Da Kirsimeti ta zagayo, tsohon ya dage sai ta raka shi ziyara Lalibela. A wani siririn lungu tsakanin coci biyu jama'a suka danno, hannunsa ya suɓuce daga nata. Ta yi ta kiran "Baba!", ganguna suka haɗiye muryarta.

Da ƙyar ta iya rubuta wa Fentahun saƙo: "Fentiye, Baba ya ɓace, kuma ba ya gani sosai. Za a tattake shi."

"Ki manne da bango, kar ki motsa. Ina kusa."

Mutum huɗu suka wuce ɗauke da wani a lulluɓe. Ta leƙa, ba mahaifinta ba ne.

Can sai ga Fentahun, goshinsa na jini, goye da tsohon.

"Wubalem, daga ƙarƙashin ƙafafun mutane yaron nan ya zaro ni," in ji mahaifinta yana haki. "Irinsa nake so ki kawo min, ba wancan direban ba. Ɗana, mece ce sana'arka?"

Fentahun ya amsa: "Tuƙi, Baba."

Nan take tsohon ya gane wanda ya goyo shi.

"To," ya ce, "ka iya ɗaukar fasinja. Turo min manyanka."

Mako uku bayan nan aka ɗaura musu aure a cocin ƙauyensu. Ato Belayneh ya lalubo kawunansu, ya dafa.

"Allah ya ba ku 'ya'ya masu riƙe hannunku da ƙarfi. Ku tsufa tare."