Yarinyar da Ke Leƙen Bayan Kati

A wani gari can da, an yi wata yarinya da ba ta taɓa faɗuwa a wasan katin tambayoyi ba. Tambaya tana gaban kati, amsa tana bayansa, ita kuwa kullum sai ta saci leƙen bayan.

Malama takan ce, "Yara, ba a juya kati sai an amsa."

Wata rana bayan an tashi, ta rage ita kaɗai a aji, ko'ina tsit. Sai ga waɗansu baƙin katuna uku a gabanta.

Na farko ya tambaya, "Ina hanyar gidanku?" Ta sani sarai, amma hannu ya saba. Ta juya, bayan fari fat. Nan take hanyar gida ta ɓace mata.

Na biyu ya tambaya, "Yaya fuskar innarki take?" Ta juya, bayan fari fat. Fuskar Inna ta ɓace mata.

Na uku ya tambaya, "Yaya sunanki?" Sai katin ya fara ɗagowa da kansa. Ta danne shi da hannu biyu, ta ƙwalla, "Tasalla! Sunana Tasalla!"

Sai wata mata ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Tasalla, taso mu tafi gida."

Ta gane muryar Inna. Fuskar kuwa, sai da ta sake koyonta.