Ramin da Alhaji Abdulrazak Ya Huda a Bango

Alhaji Abdulrazak mai atamfa mutum ne da ba a ce masa bari. Ranar da ya kawo kwamfuta gidansa na Fagge don a haɗa ta da talabijin ɗin falo a riƙa kallon fina-finai ta intanet, ana kiran sallar magariba ya ɗauko injin huda bango. Matarsa Hajiya Wasilat ta roƙe shi ya bari sai da safe, ta ce ba a taɓa bango a irin wannan lokaci. Ya ce ta cika canfi. Ko bisimilla bai yi ba, ya huda, ya zura waya.

Tun daga ranar gidan ya ƙi zaunuwa. Rana na faɗuwa sai tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon rufi. Fim ya kunna kansa. 'Yarsu Bisola, mai shekara goma sha bakwai, ta zauna gaban talabijin da rimot a hannu, ko ƙiftawa ba ta yi. In an ɗauke wuta tana nan, tana kallon baƙin gilashi, tana dannawa. A kwana na shida ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, ta lalubi iska. Ganinta ya fara tafiya.

Hajiya ce ta je da kanta ta ɗauko Malam Dabo mai ruƙiyya. Kafin ya fara, ya ja kunnen kowa: duk abin da aka ji, kada wanda ya tanka sai shi.

Ya daɗe yana karatu, falon ya yi tsit. Can Bisola ta juyo, wata tsohuwar murya mai kaushi ta fito daga bakinta.

"Shekara arba'in ina cikin bangon nan ban taɓa kowa ba. Ya soka min ƙarfe a ido don ya ga wasa. To, da nata nake kallo."

Malam ya ce za a zare wayar, a toshe ramin, shi kuma aljanin ya ji tsoron Allah ya saki yarinyar da ba ta san hawa ba. Muryar ta yi dariyar ƙeta, ta ce siminti ba ya mayar da ido. Malam ya ƙara ƙarfin karatu. Muryar ta soma rawa, ta soma neman a sassauta mata. Saura ƙiris ya fita, sai Bisola ta dafe fuska tana kiran babanta.

Wanda bai ji maganar matarsa ba, ina zai ji ta malami? Amma wannan karon tausayi ne ya ci Alhaji, ya tanka.

"Ni na huda. Ɗauki nawa, ka bar min 'yata."

Malam ya runtse ido. Rimot ya faɗi ƙasa, tsakuwa ta ɗauke.

Bisola ta ƙifta, ta dubi uwarta, ta gane ta. Alhaji ya sunkuya zai ɗauki rimot ɗin da ke gefen ƙafarsa ta hagu. Sau biyu yana lalube, sai Hajiya ce ta ɗauka ta sa masa a hannu.