A Manne Take, Kawu

Ranar da abin ya fara, babu wani abu a gidan mai gyaran agogo da zai sa mutum ya ɗaga kai ya duba. Rana ta yi sanyi, matarsa ta share tsakar gida, ta tara shara a bayan ɗakin girki ta cinna mata wuta kamar yadda ta saba. Shi kuwa yana zaune a bakin ƙofarsa da 'yar tasa ta ruwan ɗumi a gabansa. Ya jiƙa wata kusurwar ambulan a ciki, yana jiran kan sarkin da ke manne da ita ya saki. Autarsu, wadda ke shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya, tana ninke wanki a kan tabarma.

Ana cikin kiran sallar magariba dutse na farko ya faɗo a kan rufin kwano. Suka ɗauka yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo, shi kuma ba a kan rufi ya sauka ba, cikin tasar ruwan ya faɗa, daga sama tsaye, kamar an sako shi da hannu. Hayaƙin sharar da ya kamata ya tashi sama sai ya kwanta a ƙasa, ya ratso tsakar gida a hankali ya shige ɗakin Auta. Uwar ta ja mayafinta ta fara karanta abin da ya zo bakinta.

Mutumin nan shekara talatin yana tara kan sarki, 'yan takardun nan masu haƙora a gefe da ake manna wa wasiƙa a gidan waya. Da hantsakin da yake ɗaukar ƙusoshin agogo yake ɗaukarsu, da madubin da yake maƙalawa a ido yake duba su. Matarsa takan ce da ita ma tana da haƙora ta gefe huɗu, da tuni ta samu wannan kallon. Tun da Auta ta koya masa shiga intanet a waya abin ya ƙara gaba. Ya gano shafukan da ake jera hotunan kan sarki ƙasa-ƙasa, shekara-shekara, mutum ya ƙirga haƙora, ya ɗaga takarda a haske ya nemi alamar da ke ɓoye cikinta, ya gwada da nasa. Ya kuma shiga wani zaure na masu irin wannan larura, inda ake tura hoto a tambayi waɗanda suka fi sani.

Zauren yana da ladubbansa, ko da yake ba a rubuce suke ba. In za ka ɗauki hoton ambulan, ka rufe sunan mai shi da 'yar takarda, don wasiƙa sirrin mutane ce. Kada ka yanke kan sarki daga tsohon ambulan sai ka yi shawara. Wanda ya gane maka abu, ka koma ka ce ka gode. Wanda ya aiko maka saƙo kuma ka amsa, ko da a'a za ka ce. Wanda ya fi kowa riƙo da waɗannan wani dattijo ne da ke zaune a wata ƙasa mai nisa, kowa a zauren Kawu yake ce masa. Bai taɓa gyara wa mutum kuskure ba sai ya fara da sallama.

Wata guda kafin dutsen nan ya faɗo, an rushe wani tsohon gida kusa da shagon mai agogo. Wani lebura da ya san haukarsa ya kawo masa gwangwani mai tsatsa da aka tarar a ramin bango. A ciki akwai ambulan ɗaya, ya yi ja don tsufa, gefensa ya yi laushi saboda yawan taɓawa, bakinsa kuma a manne. Mai agogo ya duba shafuka kwana biyu, ya yanke wa kansa hukunci cewa ya tsinci abin da ba kowa ke da shi ba. Ya ɗauki hoto cikin rawar jiki, takardar da ya rufe suna da ita ta zame, rabin rubutun ya fito. Haka ya tura, da dogon bayani na wanda ya riga ya ci gari.

Kawu ne ya amsa. Ya yi sallama, ya ce kan sarkin mai kyau ne, amma irinsa an buga da yawa, haƙoransa ma sun nuna bugu na biyu ne. Ya ce darajar abin tana jikin ambulan ɗin, don Allah kada a yanke. Sannan ya ƙara da cewa ya aiko masa saƙo ta gefe, ya taimaka ya duba.

Gaskiya ce zalla, kuma cikin ladabi aka faɗe ta, amma a gaban mutane aka faɗa, shi kuwa mai agogo mutum ne da ba ya son a ce masa agogonsa ya yi latti. Bai ce ya gode ba. Saƙon gefe ya shigo, bai buɗe ba. Na biyu ya shigo, na uku ya biyo, ya bar su suna nan a rufe. Ranar da haushin ya cika shi ya sa almakashi ya datse kusurwar, ya jefa sauran a kwandon shara. Wasiƙar da ke ciki bai karanta ba, don shi a ganinsa mai mutunci ba ya karanta wasiƙar wani. Wannan kwandon ne matarsa ta juye a wuta.

Daga ranar, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da zarar inuwa ta rufe tsakar gida sai jifa ta fara. Agogunan da ya kawo gida don gyara duk suka riƙa tsayawa a lokaci guda. In ya buɗe kundinsa na kan sarki da safe sai ya tarar an kife kowane kan sarki, fuska ƙasa, a jere, babu wanda ya yage. A rana ta biyar Auta ta daina cin abinci. Takan zauna a bakin gado da hannuwa biyu a ƙirji kamar mai rungume da takarda, tana shafa abin da babu shi, tana kallon ƙofa. An kai ta asibiti, aka auna, aka ce ba a ga komai ba.

"Baban Auta," in ji uwar, murya ƙasa-ƙasa, "yarinyar nan jiya ta kira ni 'yar nan. Muryar ba tata ba ce."

Ya tsaya yana kallon 'yarsa, wadda ƙashin wuyanta ya fara fitowa, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Malamin da aka kira tsoho ne mai sanyin magana, ba ya zuwa da tarkace, carbi kawai da ruwa a kofi. Ya zo bayan la'asar ya zauna a gefen tabarma, ya sa aka zaunar da Auta, uwar na riƙe da kafaɗarta. Ya daɗe yana karatu. Haske ya ja baya daga taga, tsuntsaye suka yi shiru, sannan yarinyar ta ɗago kai. Fuskarta ta tattare kamar ta tsohuwa.

"Ya isa, malam," in ji muryar. "Ba faɗa na zo yi ba."

"To wace ce ke, me kike nema a jikin baiwar Allah?"

"A ramin bangon gidan da aka rushe nake zaune tun kafin a haifi uban yarinyar nan. Akwai wata mata a ɗakin. Ɗanta ɗaya, suka yi cacar baki, ya sa ƙafa ya bar ƙasar. Bayan shekara biyu wasiƙa ta zo. Ba ta iya karatu ba. Ta ƙi kai wa kowa ya karanta mata, don tana tsoron a ce mata ya mutu. Ta ce muddin ba a buɗe ba, yana raye. Shekara goma sha tara, kullum magariba sai ta ciro ta ta rungume, ta ce, 'In kana raye na yafe maka, ka dawo.' Ni kaɗai nake ji. Da za ta rasu ta mayar da ita ramin, ta ce wanda duk ke nan ya riƙe mata amana har mai ita ya zo. Ni ce ke nan. Na riƙe. Wannan ya sa almakashi, matarsa ta sa wuta."

Uwar ta saki wani ɗan sauti ta toshe bakinta. Malam ya ce matar gidan ba ta sani ba, yarinyar kuma ba ta da hannu, zalunci ne a kama wanda bai yi laifi ba. Muryar ta ce a dawo mata da wasiƙarta. Malam ya ce toka ba ta komawa takarda. Ta ce to za ta zauna a jikin yarinyar shekara goma sha tara, uban ya ɗanɗana jira. Malam ya ɗaga kofin ruwan, ya ce ko kwana ɗaya ba za ta ƙara ba, ta faɗi abin da ɗan Adam zai iya yi.

Yarinyar ta juya ta kalli ubanta.

"Mai ita ya zo," in ji muryar. "Sau uku ya yi sallama a cikin abin nan da ke aljihun mutumin nan, shi kuma ya ƙi amsawa. Ya amsa masa. Ya faɗa masa abin da uwarsa take cewa. In ya ji, na tafi."

Mai agogo ya ciro wayar daga aljihu ya buɗe saƙonnin. Malam ya ce ya karanta a fili. Saƙon farko, Kawu ya ce ya gane rubutun hannunsa ne a hoton, da ranar da ke jikin tambarin gidan waya, wasiƙar da ya aika wa mahaifiyarsa ce yana neman gafara. A na biyu ya ce amsa ba ta taɓa zuwa ba, shi kuma kunya da zuciya suka hana shi komawa, har labarin rasuwarta ya same shi. Na uku gajere ne. "Ɗan'uwa, ba na neman ka ba ni, naka ne. Abu ɗaya kawai. Ka juya bayansa ka duba min, a buɗe yake ko a manne? In a buɗe yake, ta karanta ta yi shiru, na haƙura. Ba ni da lafiya sosai, ka yi haƙuri da yawan damu."

Mai agogo ya fita daga saƙon ya shiga zauren don ya nemo shi. A can sama aka liƙa sanarwa, kwananta goma sha huɗu. 'Yar Kawu ce ta rubuto, tana gode wa abokan mahaifinta, ta ce Allah ya yi masa rasuwa bayan jinya, kuma har ranar ƙarshe yana sa ta duba masa waya ko wani saƙo ya shigo. Ya ƙirga kwanakin da yatsa. Kawu ya rasu kwana huɗu kafin ya ɗauki almakashi, saƙonnin kuwa sun yi mako biyu a wayarsa mutumin yana raye.

Ya karanta sanarwar a fili. Abin da ya biyo baya malam ya ce bai taɓa gani ba a duk shekarunsa. Aljanar ba ta yi ihu ba, ba ta buga yarinyar da ƙasa ba. Kuka ta yi, a hankali, irin na wanda ya daɗe yana tsaron ƙofa aka zo aka ce masa ba mai zuwa. Uwar ta rungume Auta tana kuka ita ma, ba ta san wace take rarrashi a cikinsu ba.

"Ba ki da sauran abin jira," in ji malam, cikin taushi. "Sun haɗu inda ba a buƙatar wasiƙa. Ki sakar masa 'yarsa."

"A ba ni ɗan abin da ya rage," in ji muryar. "Shi ne abin da ɗanta ya taɓa da hannunsa."

Mai agogo ya kawo kan sarkin, ba da hantsaki ba, a tafin hannunsa. Malam ya sa aka ajiye a bakin taga. Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta buɗe ido ta ce, "Umma, yunwa nake ji." Da aka waiwaya taga, babu komai a kai.

Auta ta warke sarai, ta koma makaranta, ba ta tuna ko ɗaya daga abin da ya faru. Jifa ta tsaya, agogunan suka ci gaba da tafiya. Uban ne bai koma yadda yake ba. Ya rubuta wa 'yar Kawu duk abin da ya sani, bai rage laifinsa ba. Ta amsa da layi biyu masu ladabi, irin na gidansu, ladabin kuwa ya fi zagi yi masa ciwo. Gurbin da ya tanada a kundinsa ya bar shi haka nan, bai sake cike shi ba.

Washegarin tafiyar aljanar, kafin ya buɗe shago, ya shiga zauren ya nemo hoton da ya tura da bayanin da Kawu ya yi a ƙarƙashinsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi sallama, ya rubuta da yatsa ɗaya, a gaban kowa: "A manne take, Kawu. Ba ta karanta ba, kuma ta yafe maka tun tuni. Na gode da bayanin kan sarki, gaskiyarka ce, bugu na biyu ne."

Har yau yakan buɗe wurin da magariba ya duba, ko da yake ya san ba za a amsa ba.