Akushin Illo

A shekarar fari, lokacin da sojoji ke mulki, abinci ya yi wuya a Agadas. Kamyo, babbar motar soja, ke kawo jar dawa ta taimako, a raba wa kowane gida ɗan kaɗan.

Akwai wata yarinya 'yar lakwal, wato makarantar boko, da ke zaune da innarta Salamatu da ƙanenta Illo. Babansu ya bi ayarin gishiri zuwa Bilma.

Illo bai cika magana ba. Ba ya kallon idon mutum. In kamyo ya wuce, sai ya toshe kunnuwa. Kuma ba ya cin abinci sai a wani ƙaramin akushi baƙi da babansu ya kawo masa daga Timia.

Maƙwabciyarsu Kande ba ta da aiki sai sa ido. Kullum tana leƙe ta kan katanga.

"Sangarta ce!" in ji ta. "Mutane na mutuwa da yunwa, shi yana zaɓen kwano? Ku ɓoye akushin, yunwa za ta koya mishi hankali."

Ku ji mugun baki! Ita da ba ta taɓa zama da yaron ba, ta zama malamar tarbiyya.

Salamatu ta ce, "Kande, mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo."

Amma maganar ta shiga kunnen yarinyar. Dama ta gaji da dariyar da ƙawayenta ke yi wa Illo. Sai ta ɗauke akushin, ta tura shi ƙarƙashin buhun gawayi.

Aka zuba wa Illo tuwo a kwanon sha. Ya ture. Aka canza wani kwano. Ya ƙi. Ya zauna a lungu yana kaɗa jiki gaba da baya, yana kuka. Gari ya waye, wani ya sake wayewa, Illo bai sa komai a baki ba sai ruwa. Yaron da dama yunwar fari ta ramar da shi!

Kande ta sake leƙowa. "Aljannu ne. A yi mishi hayaƙi."

"Ɗana ba shi da aljani!" in ji Salamatu cikin fushi. Ta goya Illo, ta nufi gidan likita. Yarinyar ta bi su.

Likitar mace ce. Ta saurari Salamatu a natse, sannan ta tambaya, "Mi ya canza a gida?"

"Akushinshi ya ɓata."

"To, shi ke nan. Abin da ke gare shi muna ce mishi otizim. Ba aljani ba ne, ba sangarta ba ce, kuma ba laifinki ba ne. Haka aka halicce shi. Abin da ya saba da shi ne ke kwantar mishi da hankali. In an ɗauke, tsoro yake ji na gaske. Yunwa ba ta gyara wannan, sai dai ta kayar da yaron."

Yarinyar ta fashe da kuka. "Inna, ni na ɓoye shi."

Ran Salamatu ya ɓaci ƙwarai. "Ɗiyata, kin ji maganar katanga, kin bar ta uwarki? Shi ba ya iya faɗin abin da ke damunshi. Mu ne bakinshi."

Yarinyar ta ruga gida a guje. Ta ciro akushin, ta wanke baƙin gawayi, ta zuba kunu. Da suka iso, ta ajiye shi gaban Illo.

Illo bai kalle ta ba. Ya shafa bakin akushin da yatsa, ya ɗauka, ya sha har ya suɗe. Sannan ya tura mata shi, ya ce, "Ƙara."

Salamatu ta yi dariya da hawaye a ido. Kande kuwa ta sauke kanta daga katanga.

Tun ranar, yarinyar ta gane cewa yaro irin Illo ba horo yake bukata ba. A fahimce shi, a yi haƙuri da shi, shi ne gata.